Ladan Wanda Ya Hana Cuta: Yadda Ake Raba Rarar Kuɗin Jinya

Duk wanda ya zauna a Aliero bayan an gama cirar albasa ya san cewa wahalar manomi ba ta ƙarewa a fadama, domin albasar da aka jibge a rumfa ana jiran farashi ya tashi, in ba ta sami mai juya ta yana tsince ruɓaɓɓiya tun ba ta shafi 'yan'uwanta ba, kafin damina ta kankama sai a tarar kaso mai yawa ya zama taki. To, a ƙaddara mai albasa ya ɗauki mai tsaro, ya ce zai biya shi bisa kowane kwandon ruɓaɓɓiya da ya fitar. Ko da mutumin nan mai tsoron Allah ne, an riga an ɗaura abincinsa a kan ɓarna. Amma da za a ce masa, "Bara cikin buhu 100 mun yi hasarar 30, bana abin da duk ka tsirar daga cikin 30 ɗin nan rabi naka ne," da an juya maslaharsa ta fuskanci alƙiblar da ta mai kaya ta fuskanta.

Irin wannan mas'ala ce ta daɗe tana damun hukumar Amurka game da likitocinta. Tun 1965 suke da asusun gwamnati mai suna Medicare, wanda ke ɗaukar nauyin jinyar waɗanda suka kai shekara 65, yana biyan likita da asibiti bisa kowane aiki da suka yi, watau ganin majinyaci da kuɗinsa, gwajin jini da nasa, kwanciya a asibiti da nata, har ya zama asibitin da ya sallami mutum bai warke sosai ba, ya dawo bayan mako biyu, ya fi wanda ya warkar da shi tun farko samun kuɗi. A 2006 wani malamin likitanci na Dartmouth, Elliott Fisher, ya yaɗa sunan wani tsari da suke taƙaitawa da haruffan ACO, ma'anarsa ƙungiyar masu jinya da ta yarda a yi mata hisabi. Dokar lafiya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ta shigar da shi cikin Medicare, aka fara aiki da shi a 2012.

Ga yadda abin yake. Likitocin unguwa da ƙwararru, wani lokaci har da asibiti, sukan haɗu bisa son ransu su ɗauki alhakin mutane aƙalla 5,000. Hukuma ta duba abin da aka kashe wa irin mutanen nan cikin shekara uku da suka gabata, ta yi la'akari da tsufansu da nauyin cututtukansu, ta yanke wani ma'auni. Kowa ya ci gaba da karɓar kuɗin aikinsa kamar da, sai ƙarshen shekara a zauna lissafi. A misalta ma'aunin dala miliyan 50 ne, aka kashe miliyan 47. Rarar miliyan 3 ke nan, ƙungiya ta sami kashi 40 ko 50 cikin 100 nata, har zuwa 75 ga waɗanda suka yarda cewa in kashewa ta haura ma'auni za su mayar da wani abu daga aljihunsu. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Dole rarar ta wuce wani haddi, wanda ga masu neman riba ba tare da ɗaukar hasara ba yake tsakanin kashi 2 da 3.9 cikin 100, don kada a saka wa mutum a kan sa'ar shekara kawai. Dole kuma a ci jarrabawar ingancin jinya, wadda da farko ta ƙunshi ma'aunai 33, kamar shawo kan hawan jini da ciwon suga da jin ra'ayin majinyata, saboda hanya mafi sauƙi ta tara rara ita ce rowar magani.

Ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ko Muhtasar ba zai ji wannan baƙo ba, domin malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta a ƙirali, watau ba wa wani jari ya juya a raba riba, cewa rabon mai juya dukiya ya kasance juzu'i sananne, rabi ko sulusi ko rubu'i, ba adadi yankakke ba, kuma babu riba sai uwar kuɗi ta cika. Ban ce hukuncinsu ɗaya ne ba, wannan fatawa ta masu ita ce. Na dai ce hankalin da ke ƙarƙashinsu ya yi kama.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan kuɗin sun shigo hannun ƙungiya, domin hukuma ba ta yanka wa kowa rabonsa, iyakarta ta ce a bayyana wa jama'a yadda aka kasafta. Bisa al'ada akan fara cire abin da aka kashe wajen kwamfutoci da ma'aikatan da ke bin majinyata har gida, a ajiye wani abu saboda shekarar hasara, sa'an nan a raba saura, wasu bisa yawan mutanen da ke hannun kowane likita, wasu bisa makin inganci, wasu su gauraya. A nan ne gardama take tashi, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Likitan unguwa ya ce da ƙoƙarinsa ne dattijo bai kwanta asibiti ba; asibiti ya ce rarar da ake murna da ita gadonsa ne da ya kwana babu kowa, ga albashin ma'aikata yana jiransa. Ba mamaki da bincike ya nuna ƙungiyoyin da likitoci ke jagoranta sun fi na asibitoci tara rara, tun da ba a sa ran mahauci ya yi wa mutane wa'azin barin nama. Duk da haka, hukumar Medicare ta ba da sanarwar cewa a 2023, bayan an biya ƙungiyoyin rabonsu, ta tsira da fiye da dala biliyan 2.

Mu dawo gida. Inshorar lafiya ta tarayyar Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2005 aka sake mata doka a 2022, tana biyan asibitin matakin farko kuɗi yankakke bisa kowane kai a wata, ko mutum ya zo ko bai zo ba (an shekara da shekaru a kan Naira 750), tana kuma biyan babban asibiti bisa aiki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin jinyar matakin farko, da nufin a sami cibiya guda mai aiki a kowace mazaɓa, Jihar Kebbi kuwa tana da mazaɓu 225, kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KECHEMA, ita ke rajistar masu cin gajiyar. Aibin biya bisa kai kishiyar na Amurka ne: wanda aka ba kuɗi tun kafin ya yi aiki yana iya jarabtuwa da tura majinyaci gaba, nauyin ya faɗa kan wani. An kuma gwada wata hanya a Adamawa da Nasarawa da Ondo da tallafin Bankin Duniya, inda ake biyan cibiya gwargwadon aikinta da ingancinsa, a raba wa ma'aikata har zuwa rabin kuɗin, saura ya tafi magani da gyara.

A ganina, wanda zai ɗauko tsarin Amurka ɗungurungum ya dasa shi tsakanin Jega da Maiyama ya yi kuskuren ganewar cuta, domin su yawan kashewa ke damunsu, mu kuwa ƙarancinta, ga shi fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa. Abin da ya cancanci aro shi ne haɗa lissafin ƙananan cibiyoyi da na babban asibitin da suke tura wa mutane. Binciken ƙasa na 2021 ya sami zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi, mafi yawa a duk tarayya, abin da ya sa jihar, tare da Bayelsa, ta zama ta farko da aka fara allurar rigakafinsa a Disamba 2024. Yaron da malamar asibitin ƙauye ta gwada ta ba shi magani ran da jikinsa ya fara zafi, kuɗinsa kaɗan ne; wanda aka bari har ya fara suma, sai an ɗauki hayar mota zuwa Jega ko Birnin Kebbi, a nemi jini, a kwana a gado, wataƙila a sayar da akuya ko buhun albasar da ake jiran farashinsa. Tsakanin kuɗin nan biyu akwai rara ta haƙiƙa, kuma a yau malamar da ta jawo ta ba ta da ko kwabo a ciki. Kafin a ba ta, sai an san mutum nawa ke hannunta, da nawa aka kashe musu bara da bara waccan, wannan kuwa aikin rajista ne da alƙalami, wanda ya kamata a koya wa ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega da irin himmar da ake koya musu riƙon allura.