Amshi Shi Ne Makarantar Makaɗa

A ƙasar Hausa ba a zaunar da yaro a ce yau za a fara koya masa kiɗa. Ɗan makaɗi kan buɗe ido ne ya tarar da kotso ko taushi rataye a zaure, ya tashi yana ɗaukar kaya idan za a fita fada ko gidan biki. Daga nan a miƙa masa kazagi ya riƙa bin manyan ganguna, sai kunnensa ya nuna kafin a tsayar da shi cikin 'yan amshi. Wannan tsayuwa ita ce karatun gaba ɗaya. Mai maimaita gindin waƙa sau ɗari a dare guda yana haddace salsalar sarakuna da kirarinsu, yana ganin yadda jagora ke ɗora ɗiya, da inda ake sakin zambo, da inda ake kame baki. Ta wannan hanya Musa Ɗanƙwairo Maradun ya bi: ya yi wa mahaifinsa Usman Ɗankwanda amshi, ya yi wa wansa Abdu Kurna, sannan ya ja nasa ayarin har rasuwarsa a 1991.

Akwai masu cewa tsarin gado ƙofa ce a rufe, wanda ba a haifa cikin gidan ba sai dai a kira shi ɗan haye. Gaskiya ne kalmar tana da ɗaci, amma ƙofar ba ta taɓa rufuwa ruf ba. Mamman Shata na Musawa bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ba, a dandali da kasuwa ya goge, kuma da ya rasu a 1999 babu mai musun cewa kalangu ya san shi. Barmani Coge kuwa a bukukuwan mata na Funtuwa ta ƙware da kiɗan ƙwarya. Dukansu sun saurari wasu. Gado sauƙi yake kawowa kawai, domin malamin yana cikin gida.

Wasu kuma sukan ce abin da ba a rubuta ba bai cika ilimi ba. Sai dai kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar muryar Hausa, kuma takarda ba ta isa ta koya wa hammata yadda ake matsa tsirkiya har mahauci ya ji takensa ya zabura. Jarrabawar ma a bainar jama'a ake yin ta, wanda ya kuskure sunan kakan basarake a fada ya faɗi nan take. Inda masu sukar suka yi gaskiya shi ne wajen adanawa, don ba domin faifan rediyo ba da waƙoƙin Narambaɗa da dama sun bi shi kushewa. Na'ura tana riƙe murya, amma saurayin da ya shiga situdiyo da fiyano bai taɓa yi wa kowa amshi ba yakan fara jagoranci tun bai iya saurare ba.