Kalanda Biyu A Ƙasa Ɗaya: Yadda Yanayi Ke Juya Rayuwa A Gwarzo Da Kabo

Idan mutum ya bar birnin Kano ta Kabuga ya miƙa yamma, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, to ya shiga ƙasar da kalandar bango ba ta da cikakken iko a kanta. Daga nan har Garo da Kabo, har Gwarzo mai nisan kimanin kilomita 70 daga birni, har a dangana da Dayi a Jihar Katsina, bayan ikon Allah, sararin sama ne ke tsara wa jama'a ranar aiki da ranar hutu, da lokacin aure da lokacin bulaguro, da watan da za a ci a ƙoshi da wanda za a ɗaure ciki.

A wannan yanki aka yanke mini cibiya, kuma ko da yake aiki ya zaunar da ni a birni kamar yadda ya zaunar da akasarin masu karanta wannan shafi, ban daina kai-da-komo a wannan hanya ba. Abin da nake son mu duba a yau shi ne, mutanen Gwarzo da Kabo suna rayuwa da kalanda guda, mu kuma da muke rubuta musu tsare-tsare a ofisoshi muna aiki da wata daban. Tasu ta bazara ce da damina da kaka da hunturu, tamu kuwa ta Janairu zuwa Disamba. A ganina, wani babban kaso na wahalar karkara yana fitowa ne daga wannan saɓani.

Bari mu fara da bazara, domin a nan shekarar manomi take farawa. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan kai matuƙa, har ma'auni ya haura 40 a wasu ranakun Afrilu. Rijiyoyi kan ja baya, yara su yi ta dogon layi a bakin famfon tuƙa-tuƙa, dare ya yi a baje tabarmi a tsakar gida saboda ɗaki ba ya kwantuwa. Baƙo zai ɗauka lokacin zaman banza ne, alhali kuwa a nan ake share gona, a ƙone kututture, a kai takin gida a kan jakuna da amalanken shanu, a gyara rufin ɗaki kafin iskar farkon ruwa ta zo ta yaye shi. A nan ne kuma cututtukan zafi irin su sanƙarau da ƙyanda suke samun dama. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 a Kano ba sa buƙatar a yi musu bayanin haka.

Manomin wannan yanki ba ya jiran ruwa a makance. Yana da alamominsa. Yana lura da juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma, da zuwan shamuwa wadda kan sauka ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, da gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa a lokacin da sauran itatuwa ke tohuwa. Malaman zaure kuma suna da lissafin taurari 28, kowanne da kwana 13 in ban da guda mai kwana 14, waɗanda suka raba wa yanayi huɗu, bakwai-bakwai. Har yau za ka ji dattijo yana tambayar ko Haƙ'a ta shiga, ko kuwa an kai Zira'a ko Nasara, domin ya san abin da ya dace ya shuka da wanda lokacinsa ya wuce. Wannan ilimi ne da aka tara ta hanyar lura shekara da shekaru, kuma bai kamata ɗan boko ya yi masa kallon raini ba.

Da zarar ruwan shuka ya sauka, galibi tsakanin ƙarshen Mayu da watan Yuni, sai gari ya watse. Majalisun bakin titi su zama kufai da hantsi, mai shayi ya rage tukunya, hatta masu ƙara a gaban mai gari sukan jingine rigimarsu sai an gama noman farko. Gero da dawa su ne ginshiƙi, a tsarma wake da gyaɗa a tsakaninsu, ga masara da waken suya waɗanda suka samu karɓuwa a shekarun baya-bayan nan. Bayan noman farko sai maimai, sai huɗa, kowanne da kwanakinsa, kuma wanda ya makara da mako guda a kan ciyawa zai ga sakamakonsa a rumbu. Shi ya sa Bahaushe ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Abin da ɗan birni bai cika ganewa ba shi ne, watan Agusta, lokacin marka, wanda ƙasa ta fi yin kore shar, shi ne watan da ya fi tsanani a gidan talaka. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi ya hau a kasuwa, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da yara, katangun ƙasa suna jiƙewa suna zubewa. Mata kan haɗa da tafasa da rama da zogale a yi kwaɗo a rage dare. Sai gero ya fara nuna, yara su soma gasa tumu, sannan ake cewa an tsallake.

Kaka kuwa ita ce sallar manomi. Daga Oktoba, bayan zafin agazari, dammunan gero da dawa kan cika farfajiya, a ji sautin sussuka ta ko'ina. A nan ake biyan bashi, a fitar da zakka, a ɗaura auren da aka sa wa rana tun bara, a yi wa yara ɗinki. A da, wannan ne lokacin kalankuwa da kokawa da damben mahauta, waɗanda yanzu sun ja baya a garuruwa da yawa, ƙwallon ƙafa da gidajen kallo sun maye gurbinsu. Kasuwannin mako, irin su ta Getso wadda ta yi suna wajen dabbobi, sukan cika maƙil, manyan motoci suna lodin hatsi zuwa Dawanau. To amma a nan ma tarkon yake, domin buƙata kan tilasta wa manomi ya sayar da arha a Nuwamba abin da zai dawo ya saya da tsada a Yuli.

Sai hunturu ya shigo daga Disamba zuwa Fabrairu, da hazo da ƙura da sanyin asuba mai fasa leɓe da kaushin ƙafa. Akan hura wuta a zaure ana jin ɗumi, wanda hakan kan jawo gobara a wasu lokutan, tsofaffi da jarirai kuma su sha fama da tari. Wannan ne lokacin da gari kan rabu biyu. Mai fadama ko wanda ke kusa da madatsun ruwa irin su Guzu-guzu da Magaga a ƙasar Kabo, ko Pada a ƙasar Gwarzo, yakan shiga lambu ya noma tumatir da albasa da tattasai da alkama. Wanda ba shi da wannan dama sai ya ɗaura jaka ya tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, ya yi ga-ruwa ko acaɓa ko leburanci, da niyyar dawowa kafin shamuwa ta riga shi.

Haka wannan da'ira take juyawa tun kaka da kakanni, kuma ba yau ta fara tangarɗa ba. Tarihi ya adana yunwar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942, iyayenmu kuma sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. Cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 ta karya noman da ya gina dalar gyaɗar Kano. Darasin irin wannan fari ne ya sa madatsun ruwan da aka soma ginawa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, suka zama abin alfahari, har aka zo ga babbar madatsar Challawa a maƙwabciyarmu Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992.

Abin da ya bambanta zamaninmu shi ne rashin tabbas. Koken da na fi ji a bakin manoma shi ne ruwa ya daina bin ƙa'idar da suka sani. Yakan sauka da wuri a yi shuka, sai ya ɗauke na mako biyu ko uku har tsiro ya ƙone, a sake sayen iri. Ko kuma ruwan da ya kamata ya rarrabu a wata guda ya zubo a dare ɗaya, ya yanke hanya, ya haƙa zaizaya a tsakiyar gona. Zafi ma ya ƙaru. Mai karatu zai tuna azumin 2024, wanda ya faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da aka auna zafin da ya haura 48 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan muka ɗanɗana kuɗarmu. Masana sun danganta wannan da sauyin yanayi na duniya, amma akwai namu hannun a ciki. Ɗorawa da kaɗanya da marke da gawo da ke tsaye a gonakin kakanninmu suna ƙarewa a bakin gatari da buhun gawayi, ƙasar da ba ta da inuwa kuwa ba ta riƙe ruwa.

To ina kalandar ofis ta shigo cikin wannan magana? Ta shigo ta ƙofar jinkiri. Sau nawa muka ga an yi bikin ƙaddamar da rabon takin zamani a lokacin da dawa ta riga ta kai ƙugu? Takin da manomi ke buƙata a hannu tun Mayu, idan ya iso a Agusta ya zama ihu bayan hari. Bashin noma kan fito bayan an gama shuka. Gyaran magudanan ruwa da kwalbatoci, wanda aikin rani ne, sai a tuna da shi bayan ambaliya ta ci gidaje. Yashe madatsun ruwa da gyara hanyoyin ban-ruwa kuwa ba su da mai tuna su sai an ga ruwan ya ja baya. Dalili ɗaya ne: kasafin kuɗi na bin watannin takarda, sakin kuɗin na bin zirga-zirgar fayil, ita kuwa damina ba ta jiran sa hannun kowa.

Haka abin yake ga mai lambu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tayar da injin ban-ruwa ya ninka, har wasu suka koma amfani da iskar gas, masu hali kuma suka sayi injin mai aiki da hasken rana. Duk taimakon da za a yi wa irin wannan manomi, a Oktoba ya kamata ya same shi, lokacin da yake zuba iri a bedi. Bayan haka an makara. A 2025 kuma mun ga yadda farashin hatsi ya faɗi alhali taki na nan da tsadarsa, wanda hakan ya faranta ran ɗan albashi a birni, ya kuma bar manomi da lissafin da ba ya fita.

Ba wai ba a san mafita ba ne. Muna da misali a gabanmu: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata a cikin damina. Sirrin amfaninsa shi ne an ɗora shi a kan yanayi, yana zuwa daidai lokacin da sauro ke ganiyarsa. Me zai hana a yi wa taki da iri da bashi irin wannan tsari?

Bugu da ƙari, Hukumar Hasashen Yanayi ta Nijeriya tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, mai nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa, da inda ake fargabar tsaikonsa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da takwarorinta na ƙasa da ƙasa da ke da rassa a Kano sun samar da irin wake da gyaɗa da masara da dawa masu nuna da wuri. Ita kanta Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, kuma a kan hanyar Gwarzon take zaune. Ilimin yana nan, tazarar da ke tsakaninsa da manomin Kutama ko Lakwaya ko Durun ko Gude ita ce matsalar, domin malaman gona da ya kamata su zama gada sun yi ƙaranci ƙwarai.

Saboda haka kirana na farko ga shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu ne da ma'aikatar gona ta jiha, da su mayar da watan Afrilu wa'adin isar kayan noman damina, Oktoba kuma na noman rani, a kuma auna ƙwazon jami'i da cika wannan wa'adi. Na biyu, a riƙa fassara hasashen damina da Hausar da kowa zai gane, a karanta shi a rediyo da masallatan Juma'a da ranakun kasuwa, a zauna da masu lissafin taurari a matsayin abokan aiki, tunda su jama'a suka saba tambaya. Na uku, hakimai da dagatai su farfaɗo da dokar hana sare itatuwa masu amfani a gonaki, a ƙarfafa wa manoma su riƙa barin tohon da ya fito da kansa ya girma, dabarar da ta mayar da miliyoyin itatuwa a gonakin Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar tun daga shekarun 1980.

Kira na ƙarshe gare mu ne, 'ya'yan wannan yanki da Allah Ya ɗaukaka da ilimi da muƙami. Gwarzo da Kabo sun fitar da manyan ma'aikata da malaman jami'a da 'yan siyasa da 'yan kasuwa, kuma yawancinmu da kuɗin gero da gyaɗa aka saya mana littafin farko. Ƙungiyoyinmu na ci gaban gari suna iya kafa rumbun tsimi, su sayi hatsi a kaka da farashin mutunci, su fitar da shi a marka da sauƙi. Mai niyyar aika wa ɗan'uwansa taimako kuma ya sani cewa buhun taki guda a watan Mayu ya fi masa buhun shinkafa biyu a ranar Sallah. Wanda ya san lokacin da ake shuka a garinsu, shi ne zai san lokacin da taimakonsa zai yi rana.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, amin.