Garkuwar Kakanmu a Ajin Nazarin Halittu

A zauren gidanmu akwai wata garkuwa da na taso na tarar a rataye, kusa da kwari da baka. Ta kakan mahaifina ce, wanda aka ce ya fita yaƙi da ita kafin Turawa su ci Kano a 1903. Muna yara mukan ƙwanƙwasa ta mu ji tana amo kamar katako. Da aka tashi gyaran zaure sai aka jefa ta ɗakin ajiya, rufi ya yi yoyo, gara ta samu hanya. Abin da na tsira da shi bai wuce faɗin faifai ba. Wannan guntu ne nake ɗauka idan wata makarantar sakandare ta gayyace ni, kuma ban taɓa samun kayan koyarwa da ya kai shi riƙe hankalin ɗalibai ba.

Galibi ana barin kayan yaƙin dā ga malamin tarihi. Shi zai faɗa wa yara cewa littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali. Wannan daidai ne. Amma tambayar da nake fara yi wa aji ita ce: wannan abu, kafin ya zama garkuwa, mene ne? Sai an ɗan jima wani zai ce fata ce. To, fatar wace dabba?

Dattawanmu sun ce ta warwaji ce, dabbar da masana ke kira Oryx dammah. Dangin barewa ce, fara, mai jan wuya da ƙirji, ƙahoninta dogaye suna lanƙwasa baya, tsawonsu yakan kai mita 1. Tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, danshin ciyawa da ganye ya wadatar da ita. Mazan warwaji sukan yi karo da juna, saboda haka fatar wuya da kafaɗunsu take da kauri ƙwarai. A cikin fata akwai zaruruwa masu ƙarfi da ake kira kolajen, a sarƙe ta kowace fuska kamar saƙar da ba ta da kan zare. Idan fatar ta bushe sai zaruruwan su matse, tsinin kibiya ya rasa inda zai raba su. Wato dai dabbar ta riga maharbi yin garkuwa. Buzaye da Hausawa ara suka yi.

A nan ne aji kan yi tsit, domin babu ɗalibin da ya taɓa ganin warwaji. A dā garkunanta na yawo a bakin Sahara, har da Nijar da Chadi. Farauta da bindiga da mota, da farin shekarun 1970 da 1980, da cunkoson dabbobin gida a makiyaya, su suka haɗu suka ƙarar da ita. A 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta bayyana cewa babu sauranta a daji, sai a gidajen ajiye dabbobi. A 2016 aka ɗebo wasu daga Abu Dhabi aka sake su a gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Chadi. Sun hayayyafa, har a 2023 aka fitar da ita daga jerin waɗanda suka ƙare a daji, aka sa ta cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa.

Lifidi kuwa malami na iya gwada shi a aji ba tare da kashe kuɗi ba. A samo tsumma da auduga, a jera su hawa-hawa a ɗinke, a ɗora a kan sabulu, a sako ƙusa daga tsayi ɗaya. Ɗalibai su auna zurfin ramin da ta yi a hawa 2, da 5, da 10, su zana sakamakon da kansu.

Sai dai ina da gargaɗi game da kibau. Maharba kan dafa 'ya'yan kwankwani, wato Strophanthus, su shafa a tsini. Dafinsa zuciya yake kamawa, ya hana ta bugu yadda ya kamata, kuma tsufan kibiya ba shaida ba ce cewa dafin ya mutu. Kada a bar yaro ya kawo kwari makaranta, ko da kakansa ya yarje masa. A tafi Gidan Makama a Kano a gani daga nesa.

Wanda ke da irin wannan gado a gida ya ɗaga shi daga ƙasa, ya raba shi da bango mai laima, ya riƙa dubawa lokacin damina. Idan ya ga gari-gari a ƙarƙashin fata, ƙwari sun riga sun shiga. Sulke da takobi a goge su da busasshen ƙyalle, a ɗan shafa mai; kada a kankare tsatsa da yashi, domin tambarin maƙeri kan tafi tare da ita. A kuma zauna da tsohon gida a rubuta abin da ya sani. Ni ban yi haka ba sai bayan rasuwar kakana, shi ya sa har yau ban san inda aka jeme tamu ba.