Kiyaye Bidiyo a Cikin PowerPoint Idan Aka Sauya Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Nazarin harshe ba ya wadatuwa da rubutu kaɗai. Malamin da ke koyar da karin sauti, da ɗalibin da ya ɗauko hirar dattawa a wurin bincike, kowannensu yana so a ji kuma a gani. Shi ya sa ake saka bidiyo a shafukan PowerPoint. Sai dai sau da yawa bidiyon da ya yi aiki a gida yakan ƙi tashi a zauren lacca ko ranar kare kundi, sai a ga baƙin fili ko hoto a daskare. Wannan takarda za ta bayyana dalilin haka da yadda za a kauce masa.

2.0 Cusawa da Nuni

Hanyoyi biyu ne bidiyo ke shiga PowerPoint. Ta farko ita ce cusawa, wato manhajar ta kwafi bidiyon ta adana shi a cikin fayil ɗin jawabin. Ta biyu ita ce nuni, wato bidiyon yana waje, adireshinsa kawai aka rubuta a shafin.

Nuni kamar kwatancen gida ne. Idan aka ce “gida na uku bayan masallaci”, kwatancen yana da amfani a unguwar da aka yi shi, amma a wani gari ba zai kai mutum ko'ina ba. Haka adireshi irin C:\Bincike\hira1.wmv yake: a kwamfutar zauren lacca babu wannan jaka, don haka manhajar ta duba ba ta sami kome ba. Ko a kan ƴar kile ta USB matsalar tana aukuwa, domin wata kwamfuta takan ba ta harafin E, wata kuma F.

A PowerPoint 2003 da 2007 duk bidiyo ta hanyar nuni yake shiga. Ko a ɓangaren sauti, fayilolin WAV ne kaɗai ake cusawa, su ma waɗanda ba su wuce kilobait 100 ba, sai in an ɗaga iyakar. Daga PowerPoint 2010 ne cusawa ta zama hanyar da manhajar ke bi da kanta. Duk da haka nuni bai ɓace ba: tsofaffin darussa suna ɗauke da shi, wasu kuma sukan zaɓe shi don kada fayil ya yi nauyi.

3.0 Ƙa'idar Jaka Ɗaya

Wanda zai yi amfani da nuni ya bi waɗannan matakai bi da bi:

(a) A buɗe sabuwar jaka mai gajeren suna.
(b) A adana fayil ɗin jawabin a ciki.
(c) A kwafo duk bidiyoyin cikin jakar tun kafin a saka su a shafi.
(d) Sannan a saka kowane bidiyo daga cikin jakar.
(e) Idan za a tafi da aikin, a kwafi jakar gaba ɗaya.

Mataki na (c) shi ne ginshiƙi. Idan bidiyo da jawabi suna jaka ɗaya lokacin sakawa, manhajar za ta nemi bidiyon kusa da jawabin duk inda aka kai su. Idan kuwa an riga an saka shi daga wata jaka, a cire shi daga shafin a sake sakawa. Bayan haka kada a sauya sunan bidiyon, domin sauya harafi ɗaya ya isa ya yanke nunin.

4.0 Suna da Nau'in Fayil

A nan akwai abin da ya shafi masu rubutun Hausa kai tsaye. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sukan rikiɗe a sunan fayil idan aka dunƙule jaka da tsohuwar manhajar ZIP aka buɗe ta a wata kwamfuta. Da zarar sunan ya rikiɗe, nuni ya lalace. Ya fi kyau a rubuta kidan_kalangu.mp4 a sunan fayil, a bar “Kiɗan Kalangu” ga kan shafi. Haka kuma a guji jaka cikin jaka, domin tsofaffin PowerPoint sukan kasa kunna bidiyon da adireshinsa ya wuce haruffa 128.

Wani lokaci kuma nunin lafiya lau yake, kwamfutar ce ba ta iya karanta nau'in bidiyon. Tun daga PowerPoint 2013, nau'in da Microsoft ke ba da shawara a kansa shi ne MP4 mai hoton H.264 da sautin AAC, wanda ke aiki a Windows da Mac. Tsofaffin fayilolin WMV da AVI gara a juya su zuwa MP4.

5.0 Aikawa da Gyara

Idan ta imel za a aika, a dunƙule jakar ta zama ZIP, a kuma gaya wa mai karɓa ya fitar da ita waje kafin ya buɗe jawabin. A tuna cewa Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25, saboda haka babbar jaka sai a kan kile ko Google Drive. Akwai kuma umarnin Package for CD, wanda ya zo da PowerPoint 2003, da ke tattara jawabi da fayilolinsa a jaka ɗaya ko da babu faifai.

Idan nuni ya riga ya yanke, a sababbin PowerPoint na Windows a shiga File, sai Info, sai Edit Links to Files, a nuna wa manhajar inda bidiyon yake yanzu.

6.0 Kammalawa

Gajeren bidiyo a cusa shi, dogo kuwa a yi masa nuni bisa ƙa'idar jaka ɗaya. Kwamfutar da aka shirya aikin a kanta ba ta zama shaida, tunda fayilolin duka suna cikinta. A gwada jawabin a wata kwamfuta kwana ɗaya kafin ranar gabatarwa, in da hali a wadda za a yi amfani da ita.

Aikin gwaji: kowane ɗalibi ya shirya shafuka uku da bidiyo biyu, ɗaya ta cusawa ɗaya ta nuni, ya ba abokinsa ya buɗe a tasa kwamfutar, sannan ya rubuta abin da ya faru da dalilinsa.