Nasiha ga Mai Gida a Ƙasar Sefa Game da Ajiyar Banki

Duk wanda ya san kasuwar Bena, a ƙasar Wasagu ta masarautar Zuru, ya san cewa hatsi da dabbobin da ake hadahadarsu a cikinta ba a nan tafiyarsu take ƙarewa ba, kuma ya san cewa bafatake, idan neman halali ya ja shi, ba ya tambayar inda iyakar Turawa ta tsaya. Daga Zuru hanya ta miƙe ta Mahuta zuwa Koko, daga can mutum ya nemi Kamba, ya tsallaka Gaya ta Jamhuriyar Nijar, in ya so ya zarce Doso da Yamai, ko ya haye Kwara ya sauka Malanbil ta ƙasar Benin. To, wanda ya daɗe yana wannan kai da kawowa, har Allah ya buɗa masa, sau da yawa yakan wayi gari ya mallaki rumfa ko ɗakin ajiya ko gida sukutum a can, ko don sauƙin masauki, ko don neman kuɗin haya, ko kuma don fitinar 'yan bindiga da ta addabi yankinmu ta sa ya ga maslahar raba dukiyarsa gida biyu. Irin wannan mutum nake nufi da wannan nasiha.

Abin da mai saye yakan manta ranar da aka shafa fatiha shi ne, gida yana da haƙƙoƙin da ba su san mai shi ya yi tafiya ba. Akwai harajin gida na hukuma, akwai kuɗin wuta, kamar na kamfanin NIGELEC a Nijar, akwai na ruwa, akwai gyaran rufi kafin damina, sannan ga kuɗin haya da yake shigowa wata-wata alhali mai karɓarsa yana nesa. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun warware wannan mushkila ta hanyar mai masauki, wanda yake riƙe wa baƙo kaya da kuɗi bisa amana, kuma har gobe akwai mutanen kirki da suke yin haka. Amma amana tana tafiya da ran mai ita, in ya faku ba lalle ne magadansa su san abin da aka ba shi ba, in kuwa talauci ya taɓa shi sai a shiga jin nauyi da kunyar tambaya. Shi ya sa tun a 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, attajiri irin Alhassan Ɗantata bai ga aibin kai azurfarsa can ba.

Hujja ta farko da take wajabta buɗe asusu a ƙasar da gidan yake ita ce sha'anin canji. Sefar da ake kashewa a Nijar da Benin, tare da sauran ƙasashe shida da suke ƙarƙashin babban banki guda mai suna BCEAO a birnin Dakar, an ɗaure ta ne da kuɗin Turai, ta yadda yuro ɗaya yake daidai da sefa 655.957 ba ragi ba ƙari. Ita kuwa naira, tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dalar Amurka ɗaya har ta haura 1,500 a farkon 2024. Saboda haka wanda yake karɓar haya da sefa, ya mayar da ita naira a hannun 'yan canji, sannan bayan wata uku ya sake sayen sefa don biyan haraji ko magini, ya yi hasara sau biyu: ya bar wa ɗan canji ribarsa a shiga da fita, kuma ya ɗauki kasadar faɗuwar naira a tsakani. Ƙa'idar da ta fi tsimi ita ce, kuɗin da za a kashe a ƙasar sefa a bar shi da sefa, a canja rarar da ake bukata a gida kaɗai, kuma a yi canjin hannu da hannu kamar yadda fuƙaha'u suka sharɗanta a babin musayar kuɗi.

Sai batun araha, wanda a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, domin sukan tambayi kuɗin buɗe asusu kawai, alhali buɗewar ba ita ce mai cin dukiya ba. Tun ranar 1 ga Oktoba 2014 babban bankin nan na Dakar ya wajabta wa bankunan ƙasashensa yin hidimomi 19 kyauta, daga cikinsu akwai buɗe asusu da rufe shi, da riƙe asusun tanadi mai littafi, da ba da takardar bayanin asusu sau ɗaya a wata, da cire kuɗi a na'urar bankin da mutum yake ajiya, da tura kuɗi daga asusu zuwa asusu a cikin banki ɗaya. Don haka idan ma'aikaci ya ce maka, "Alhaji, mu a nan kyauta muke buɗewa," bai yi maka wata alfarma ba, doka ce ya bi. Inda bankuna suka sha bamban shi ne abin da bai shiga wancan jerin ba, wato ladan riƙe asusun yau da kullum mai ceki, wanda ake yanka duk wata ko duk wata uku, da kuɗin katin cire kuɗi na shekara, da na saƙon waya, da na aika kuɗi zuwa wata ƙasa, ga kuma harajin hukuma da ake ɗorawa a kan ladan.

A ɗauka, don misali kawai, mutum yana da gida a Gaya da ake ba shi hayar sefa 30,000 a wata, wato 360,000 a shekara, sai ya buɗe asusun 'yan kasuwa da ake yankar masa 3,000 duk wata. Kafin shekara ta zagayo banki ya ci 36,000, ushirin hayar ke nan cif, tun ba a zo ga kati da saƙo ba, alhali da asusun tanadi ya buɗe, wanda riƙe shi kyauta ne, da bukatarsa ta biya, tun da ba ceki yake rubutawa ba. Mai gida ɗaya ko biyu, wanda abin da yake so bai wuce ɗan haya ya zuba, shi kuma ya cira idan ya zo ba, asusun tanadi ya wadace shi. Babban asusu na wanda yake shigo da kaya ne yana biyan kamfanoni. Kuma tun da an wajabta wa bankuna bayyana farashin hidimominsu ga jama'a, haƙƙinka ne ka nemi takardar farashin a bankuna biyu ko uku, ka sami amintaccen mai jin Faransanci ya karanta maka, ka haɗa jimlar shekara guda, sannan ka zaɓa.

Wajibi ne kuma mutum ya san matsayinsa a idon banki, domin dokar kuɗi ta waɗannan ƙasashe ta bambanta mazauni da wanda ba mazauni ba, kuma mallakar gida ita kaɗai ba ta mayar da baƙo mazauni. Wannan ba a Afirka kaɗai yake ba: ko a Tarayyar Turai, dokar 2014 da ta ba jama'a haƙƙin samun asusu mai sauƙin kuɗi ta keɓance shi ne ga masu zama a can bisa ƙa'ida. Saboda haka ka faɗi gaskiyar inda kake zaune tun farko, ka nemi asusun sefa, ka bar na dalar Amurka da sauran kuɗaɗen waje, waɗanda sharuɗɗansu suka fi tsauri. A bisa al'ada za a nemi fasfo ko wata shaidar ƙasa mai hoto, da hotuna, da shaidar adireshi kamar takardar kuɗin wuta, da bayanin sana'a da asalin kuɗin; idan ka haɗa da takardar mallakar gidan da yarjejeniyar haya, ka kuma yi rajista a ofishin jakadancin Nijeriya da ke Yamai, to, ka sauƙaƙa wa kanka. Ka lura ƙwarai sunanka ya zama iri ɗaya a kowace takarda, domin rubutun Faransanci yakan juya sunayenmu, Usman ya koma Ousmane, kuma saɓanin harafi biyu ya isa ya tsayar da mutum a bakin kanta ranar da yake cikin matsuwa.

Game da zaɓen banki, a Nijar akwai SONIBANK, da BIA, da Bank of Africa, da Ecobank, da wasunsu, kuma ba nufina in fifita wani a kan wani ba. Sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado, domin bankin da ya fi kowa sauƙin lada, idan ba shi da reshe a garin da gidanka yake, kuɗin mota da ɓata yini za su cinye abin da ka tanada. Wanda kuma ya zaɓi banki mai rassa a Nijeriya da Nijar, kamar Ecobank, kada ya zaci asusunsa na nan shi ne na can, domin kowanne yana ƙarƙashin dokar ƙasarsa da babban bankinta, kuma aikawa tsakaninsu tana da lada da farashin canji, waɗanda ya kamata a tambaya a gwada da na kasuwa. Ƙananan biya kuwa, kamar ladan mai gadi ko kuɗin wuta, asusun waya irin Airtel Money da kamfanonin aike irin Nita da Amana sun fi sauri, amma an yi su ne don wucewar kuɗi, kada a mayar da su taska.

Mai taƙawa zai tambaya game da riba, kuma tambayarsa tana kan hanya, domin asusun tanadi a ƙasashen sefa yana haifar da ruwa na kashi 3.5 cikin ɗari a shekara. Mafita biyu ce: ko dai mutum ya nufi bankin Musulunci, kamar Banque Islamique du Niger, wanda yake aiki da ƙa'idojin shari'a irin yadda Jaiz yake yi a nan tun 2012, ko kuwa, idan larura ta kai shi bankin da ba na Musulunci ba, ya bi fatawar malaman da suka ce a fitar da ruwan a ba mabukata ba da niyyar neman lada ba. Ya dai tambayi malaminsa kafin ya sa hannu.

Bayan haka akwai hatsarin zamani, wanda bai kamata a ɓoye shi ba. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka dakatar da mu'amalar kuɗi, ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairu 2024. Sannan a Janairu 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, ko da yake tana nan cikin ƙungiyar masu sefa. Ita kanta sefar an taɓa karya darajarta da rabi dare ɗaya a Janairu 1994. Kuma idan banki ya durƙushe, asusun lamuni na ƙasashen sefa yana biyan mai ajiya ne iyakar sefa miliyan 1.4, kamar yadda hukumar NDIC a nan take tsayawa a naira miliyan 5. Darasin da ke ciki shi ne a ajiye a can gwargwadon hidimar gidan ta shekara da ɗan abin ko-ta-kwana, kada a tara jari duka a inda wata rana ƙafa ba za ta iya kaiwa ba. Dokar gida ma tana nan: wanda zai ƙetare iyaka da abin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinta sai ya bayyana wa kwastan, kuma tsarin mulkin 1999 ya haramta wa gwamnoni da ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisa riƙe asusu a ƙasar waje.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk abin da ya gabata nauyi, shi ne kada wahalar takardu ta sa mutum ya buɗe asusu da sunan mai masaukinsa ko ɗan hayarsa, domin a gaban alƙali kuɗi na wanda sunansa yake a littafi ne. In ana bukatar mai cirewa a bayan ido, a yi wakilci a rubuce a gaban banki, a iyakance abin da wakili zai iya taɓawa. A riƙa motsa asusun ko sau ɗaya a shekara, saboda wanda aka bari shiru shekara goma ana mayar da kuɗinsa babban banki, kuma nemo shi daga can aiki ne. A lissafa abin da yake ciki ranar fitar da zakka, tun da nisan dukiya ba ya sauke farilla. Sannan a rubuta sunan bankin da lambar asusun da inda takardar gidan take, a sanar da shaidu biyu adilai daga cikin iyali, domin ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara ta hore mu da rubuta mu'amala da kafa shaida, kuma dukiyar da magada ba su san da ita ba, marayu ne suke hasararta. Allah ya sa mu gama lafiya, ya tsare mana halalinmu a gida da daji.