Masu Hawan Raƙuman Ruwa, Da Abin Da 'Yan Ci-Rani Za Su Koya Wurinsu

Duk wanda ya tashi a bakin Gulbin Zamfara, tun daga ƙasar Anka, ya biyo ta Bukkuyum har Gummi, ya san halin ruwa gwargwado. Yara da yawa a waɗannan wurare su kan iya iyo tun suna ƙanana, sun san mashigi, sun san inda ruwa ke juyi, sun kuma ga masunta na kwanciya bisa gora suna ratsa gulbi. Duk da haka, cikin watan Satumba na 2024 jirgin fito ya kife da manoma kusa da Gummi suna kan hanyar gona, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Allah ya jiƙansu. To, in ruwan gida ya yi haka, ina ga ruwan da mutum bai taɓa shiga ba?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne samarinmu masu fita ci-rani da fatauci. Waɗansu suna Ikko, waɗansu Kwatano da Lome, waɗansu Ankara ta ƙasar Gana ko Abijan, duk kuwa garuruwan bakin teku ne. Ran hutu, ko wajen yawon Salla, a kan ɗebi juna a tafi kallon teku. Wanda ya saba da gulbi sai ya ga abin kunya ne ya tsaya a tudu, ya tuɓe riga ya faɗa. Ruwan gishiri kuwa ya fi na gulbi ɗaga mutum sama, sai ya ji jikinsa sakayau, ya ƙara kutsawa.

A irin waɗannan gaɓoɓi akwai mutanen da kullum cikin tekun su ke wuni, watau masu wasan hawan raƙuman ruwa. Mutum ya kan kwanta bisa wani dogon allo mara nauyi, mai tsawon ƙafa 6 zuwa 9, ya yi ta tuƙi da hannu har bayan inda ruwa ke fashewa. In babban raƙumi ya taso sai ya miƙe tsaye bisa allon, ruwan ya kwaso shi da gudu zuwa gaɓa. Mutanen tsibirin Hawai ne suka yi suna da shi a duniya, har aka shigar da shi wasannin Olimfik da aka yi a Tokiyo cikin 2021. Amma ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Wani Bature, James Alexander, ya rubuta cewa a 1834 ya ga yaran Ankara suna kwanciya bisa katakai marasa nauyi, raƙuman ruwa na kawo su gaɓa. Mu da muka san gora ba mu yi mamaki ba. A Ikko ana yin wasan a Tarkwa Bay, wurin da sai da jirgin ruwa a ke zuwa, a Gana kuma a Busua, a Sanagal a Ngor kusa da Dakar.

Mai wannan wasa da asuba ya ke fita, tun iska ba ta taso ta hargitsa ruwan ba. Kafin ya bar ɗaki ya riga ya san sa'ar cikar teku da ta janyewarsa, gama teku ya kan cika sau biyu, ya janye sau biyu cikin kwana guda, kowace rana kuma lokacin na ja baya da wajen minti 50. In ya iso gaɓa ba ya shiga nan da nan. Sai ya zauna yana goga kaki bisa allon don kada ƙafa ta zame, idonsa kuwa na kan ruwa. Yana lura da yadda manyan raƙuma ke zuwa jere, uku ko huɗu ko fiye, sa'an nan ruwa ya lafa kamar ba shi ba. Wannan lafawar ita ce ke yaudarar baƙo. In ya gamsu, ya ɗaure igiyar allon a idon sawunsa, domin allon shi ne gorarsa in ya gaji. Gwanayensu ba su son shiga su kaɗai. In kuwa sun je wata ƙasa, kome ƙwarewarsu, sai sun nemi 'yan gari da masunta sun tambayi inda duwatsu su ke da inda ruwa ke ja, kamar dai yadda baƙon kirki ba ya shiga gulbi bai gai da Sarkin Ruwa ba.

Abin da suka fi lura da shi, mu kuma shi muka fi so malamai su riƙe, shi ne wanda za mu kira kwararon teku. Ruwan da raƙuma ke jibgewa a gaɓa tilas ya nemi hanyar komawa. Sai ya taru ya ɓalle ta wata 'yar siririyar hanya tsakanin tudun yashi, ya nufi tsakiyar teku kamar rafi. Faɗinsa galibi bai wuce ƙafa 80 ba, amma gudunsa ya kan kai ƙafa 8 cikin daƙiƙa guda, wanda ya fi ƙarfin kowane gwanin iyo na duniya. Ƙungiyar masu ceto ta bakin tekun Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da ma'aikatanta ke tsamowa a gaɓoɓi masu raƙuma, wannan kwararo ne ya ja su.

Ga inda sanin gulbi ke cutar mai shi. A gida, wurin da ruwa ya yi kumfa yana ruri shi a ke gudu, a nemi inda ya kwanta. A teku kuwa, sau da yawa wurin nan da ya yi luf, ya fi duhu, ba raƙumin da ke fashewa cikinsa, shi ne kwararon. Wanda ya dubi kumfa ko tarkace a wurin zai ga suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. Masu allo da gangan su ke shigarsa ya fitar da su ba wahala, don suna da abin kwanciya. Wanda ba shi da kome, da ya ga ƙasa na nisa sai ya firgita, ya juyo yana kokawa da ruwan gaba da gaba har ƙarfinsa ya ƙare. Alhali kwararon ba ya danna mutum ƙasa, ja kurum ya ke yi, in ya wuce inda raƙuma ke fashewa sai ƙarfinsa ya mutu. Dabarar ita ce mutum ya kwanta rigingine ya huta, ya ɗaga hannu a gan shi, kāna ya yi iyo a kaikaice, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga jan. Ɗan Gummi ya san wannan sarai, gama ba mai ratsa gulbi da damina ya tunkari ruwa ta inda ya ke fitowa. Abin da ya rage ya gane cewa wannan gulbin ciki ya nufa.

Sauran sha'anin tafiya gajere ne. Ɗan Nijeriya na iya zama kwana 90 a ƙasashen ECOWAS ba biza, amma a riƙe takardar tafiya da katin allurar shawara, a bar su wurin maigida a zango, kada a kai su bakin ruwa. A gaya wa wani inda za a. Inda aka kafa jar tuta ba a shiga, inda kuwa aka kafa tutoci masu ja da rawaya a tsaya tsakaninsu, nan masu ceto ke tsaro. A tuna kuma raƙuman wannan gaɓa tamu sun fi girma da damina, wajen Mayu zuwa Satumba.

Saura abu guda mai wuyar faɗi. Sau da yawa wanda ya faɗa don ya ceci ɗan'uwansa shi ma ba ya fitowa, gida guda a yi makoki biyu. In ruwa ya ja wani, a yi kururuwa a kira masu ceto, ko masunta, ko masu allon nan, a kuma jefa masa abin da ke iyo. Jarka mai cin lita 20, in ba kome ciki kuma murfinta na rufe, tana riƙe babban mutum bisa ruwa har taimako ya iso.