Gatana da wasan ƙasa ga yaran Damargu da tsoro ya rufe wa baki

Hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Agadas ta ratsa garin Tanut, a tsakiyar Damargu, ƙasar da aka sani da rumbunan hatsi tun zamanin ayarin raƙuma. Ta wannan hanya ce mata da yara suka riƙa wucewa zuwa Aljeriya neman abin sawa a baka. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga cikinsu na yara ne, akasari daga ƙasar Kance. Daga Disamba na 2014 kuma motoci suka fara maido da mutane gida ta wannan hanya. Damargu kanta ta sha farin 1973 da na 1984 da yunwar 2005, waɗanda suka watsa iyalai.

Babba in ya ga tashin hankali yakan ba da labari, a jajanta masa, zuciyarsa ta yi sanyi. Akwai kuwa yaran da wannan ƙofa take rufe gare su, watau waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke aiki ta wata hanya dabam: mai galahanga, wadda likita Leo Kanner ya bayyana a Amurka a 1943, da wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, da wanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa kai. A ƙauye akan ce dolo ne, ko iska ta shafe shi. Irin wannan yaro in ya firgita, sai ya koma fitsarin kwance, ko ya daina ƴar maganar da yake yi, ko ya riƙa buga kansa da bango. Mutanen gida su ce ciwonsa ne ya tashi, alhali tsoro ne bai sami mafita ba. Daga nan wani a kulle shi a ɗaki, wani har a ɗaure shi.

Masana sun daɗe da gane cewa wasa shi ne bakin yaro. A birnin Landan, wajen 1929, likita Margaret Lowenfeld ta ajiye wa yara faranti cike da rairayi da ƴan ƙananan gumakan mutane da dabbobi, ta zura ido ga abin da suke ginawa. Daga baya malaman jami'ar Konstanz ta Jamus suka fito da wata dabara da aka gwada a sansanonin ƴan gudun hijira na Uganda: a shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar yaro, ya aza fure wurin ranar farin ciki, ya aza dutse wurin ranar baƙin ciki, sa'an nan a bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Abin lura shi ne babu kayan aikin da za a sayo daga waje. Rairayi dai ba a rasa shi a Tanut, kuma yaran makiyaya sun riga kowa iya gina shanun laka, na manoma kuma motar kara. Yaron da bai taɓa faɗin abin da ya gani a hanya ba, yana iya cika motar kara da tsakuwa, ya kifar da ita, ya tsaya yana kallo. Ya faɗi ke nan.

Gatana kuwa ta fi dacewa da su fiye da yadda ake zato. Buɗewarta ɗaya ce kullum, rufewarta ɗaya, waƙar cikinta tana dawowa a inda aka saba, kuma yaro mai galahanga ba abin da ke kwantar masa da hankali kamar abin da ya san ƙarshensa. In ya nemi a maimaita masa labari ɗaya dare goma, bai kamata kaka ta gaji ba. Cikin labarin kura ce ke bin Gizo, ba shi ake bi ba, saboda haka yana iya duban tsoro daga nesa, ya ga an kuɓuta. Wata rana shi da kansa zai canza ƙarshen labarin. Matashi da ya ga ya wuce zama gaban tsohuwa, a ja shi da dara, magana takan fito a gefen ramukan.

Sai dai akwai sharaɗi. Ba a tilasta wa yaro, ba a yi masa tambayar alƙali, ba a tsoratar da shi da Dodo don ya yi shiru, al'adar da ta kamata iyaye su bari. Hayaniyar dandali da tafin gaɗa suna iya gigita wanda ƙara ke damu, gara a fara da mutum biyu a inuwa. Wasa kuma ba ya kawar da galahanga, tsoron da ya hau kanta yake saukewa. Mai farfaɗiya maganinsa na asibiti.

Nijar ta amince a 1990 da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin yara, wadda sashenta na 31 ya tabbatar wa kowane yaro haƙƙin wasa. Belbeji ta zama gunduma a 2011, amma daga rugagenta zuwa babban asibitin Damagaram tafiya ce mai nisa da tsada. Waɗanda ke kusa da yaron su ne kakarsa, da malamin makaranta, da ma'aikacin gidan likita na ƙauye, kuma su ya kamata a fara koya wa aikin igiya da dutse.